Jar Motar da Na Sayo wa Inna Daga Kwatano

Na gaji da maimaita labarin nan. Tun ranar da na shigo Zuru da jar motar nan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Ɗanladi ba. Wannan ya ce yaya Kwatano take, wancan ya ce da gaske ne mata ke tuƙa babur a can, wani kuma, wanda ko keke bai mallaka ba, ya ce me ya kai mai 'ya'ya uku da furfura sayen motar samari. To ga shi na rubuta tun daga tushe, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba neman suna ya fitar da ni ba. Ni malamin dabbobi ne, shekarata goma sha tara da auren Hajara. Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a Ribah. Tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini, likita ya ce kowane wata sai ta zo asibiti a Zuru an duba ta. Ina da babur, amma wa zai goya surukarsa a babur? Ku da kanku kun san irin kunyar Inna. A shekarun nan goma sha tara ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, ba ta taɓa shan ko ruwa a gabana ba. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, tana ciki, ta ce wa Hajara, "Ki ce mishi an gode." Ni ma in amsa ta bakin Hajara, alhali muna jin numfashin juna.

Saboda haka 'yan kabu-kabu ke kawo ta. Da daminar bara wani ya zame da ita cikin laka, hannunta ya kumbura har mako biyu. Ta rantse ita da babur har abada, asibitin ma a bar shi. Wata biyu ba ta zo ba, maganinta ya ƙare, Hajara ta bar cin abinci sosai. Ran nan na ce mata zan tafi Kwatano in sayo mota. Sharaɗi ɗaya ta ba ni: "Baban Nana, ka sayo wadda Inna za ta zauna a baya ta sake." Na ce wannan ai ba abin faɗa ba ne.

Abokin tafiyata Saje Bitrus ne, maƙwabcina, mutumin Manga. Direban soja ne da ya yi ritaya, dogo ne ƙwarai, kuma da kunne yake gane lafiyar inji. Tun ban gama roƙonsa ba ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa.

Mun bi ta Koko da Jega da Bunza zuwa Kamba. A tashar Koko Saje ya yi suɓutar baki ya faɗi aikina a gaban mutane. Nan take wani dattijo ya jawo rago ya ce in duba masa haƙora. Ina gamawa wata ta kawo akuya mai zawo. Ina durƙushe hannuna cikin bakin tunkiya ta uku na hango motarmu tana fita daga tasha, Saje ya fito da rabin jikinsa ta taga yana yi wa direba tsawa irin ta fareti. Direban ya taka birki ba shiri. Na shiga ina warin awaki har Jega, matar da ke kusa da ni ta toshe hanci da mayafi ba ta ko ɓoye ba.

A Kamba muka canza kuɗi zuwa sefa, muka ƙetara iyaka zuwa Gaya. Ni duk tsoron jandarma ya cika ni saboda labaran da kuke ba mu a teburin shayi, ku da ba ku taɓa wuce Jega ba. Saje kuwa yana isa gaban na farko ya ƙame ya sara masa. Bawan Allah ya miƙe ya rama. Ashe ma yana jin Hausa, ya tambayi Saje inda ya yi aiki, suka shiga hirar bariki kamar 'yan gida ɗaya, ni ina tsaye riƙe da takardu ba mai kula ni. Daga nan muka hau doguwar gadar nan ta kan Kwara muka faɗa Malanbil, ƙasar Binin ke nan.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cizon farko ya yanke mini dadashi. Mai shayin ya yi dariya ya nuna mini yadda ake tsoma shi cikin kofi, kofin kuma a kwano suke zuba shi, da madarar gwangwani mai kauri. Da na gane kansa sai da na ci biyu. A Faraku, inda muka kwana a wani masauki kusa da tasha, aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Jama'a, mu da muke zaune da Fulani tun kakanni, me ya hana mu koyon wannan? Na yi wa kaina alkawarin sai na yi wa mutanen rugar da nake yi wa allurar shanu ƙorafi.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan kabu-kabunsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, da lamba a baya, in danja ta tsayar da su sai ka ga titi ya koma launi ɗaya. Mata kuwa, e, gaskiya ne, suna tuƙi, da goyo a baya da kwando a gaba, kuma ba mai waiwayensu. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin hanya. Na tambayi wani daga ina suke samu, ya dube ni ya ce, "Daga wurinku mana." Zafin garin kuma mai danshi ne, rigar da na wanke ran Litinin ran Laraba ba ta bushe ba.

A unguwar Zango muka sauka, gidan wani dillalin motoci, Malam Isufu, wanda iyayensa mutanen Gaya ne. Ya ba mu ɗaki da tabarmi biyu da fanka mai ƙara. Shi ne ya kai ni na ga teku karo na farko a rayuwata. Na tsaya ina tasbihi, ruwa ya taho a guje ya ɗauke mini takalmi ƙafa ɗaya ya koma da shi. Saje ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da silifas ɗin wankan Malam Isufu na yi sauran kwanakin.

Filin motocin yana bayan gari, ido ba ya ganin ƙarshensa. Ranar farko dogayen motoci muka duba, irin waɗanda aka aike ni saye. Saje ya sa a tayar da kowace, ya karkata kai, ya rufe ido. "Wannan tana shan mai." "Wannan an taɓa buɗe injin." "Wannan ba za ta kai Kandi ba." Har yamma bai yarda da ko ɗaya ba. Malam Isufu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wanga aboki naka mota yaka nema ko mata?"

Rana ta biyu na gan ta. Tana can ƙuryar fili, ƙura ta rufe ta, gajeriya, mai faɗi, doguwar gaba, kamar ta durƙusa. Na goge gefenta da hannu sai ja ya fito. Malam Isufu ya ce, "Wagga ba taku ba ce. Ta daɗe nan, ba mai so, ƙofa biyu gare ta." Na ce a dai tayar mu ji.

Kai! Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ƙara ba ce, wani gurnani ne mai taushi da kake ji a ƙirji kafin kunne. Saje ya rufe ido ya daɗe, sannan ya buɗe ya ce, "Malam, tsohuwa ce, amma wanda ya riƙe ta ya so ta. Ba abin da ke damun injin nan." Na shiga na zauna, na ji kamar a kan tabarma nake don kusancinta da ƙasa. Na iya tuƙi tun da motar ofis, sai aka bar ni na zagaya da ita ta bayan fili. Ina taɓa totur ta amsa. Wallahi na ji shekara ashirin sun sauka daga kafaɗata, na kama dariya ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe.

Kada ku ce ban yi tunani ba, na yi. Na lanƙwasa kujerar gaba na leƙa baya, ga kujera nan lafiyayya mai laushi. Na auna da hannu, yara uku za su shiga. Na buɗe but, zai ci buhun dawa guda har da kaji. Kuɗinta bai kai na dogayen ba. Na kira Hajara.

"Tana da kujerar baya?" ta tambaya.

"Tana da ita, har da taushi."

"Wane launi?"

"Ja."

Ta ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya."

Takardu sun ci mana kwana biyu, rabin laifin kuma nawa ne. Mutanen can da sha biyu da rabi ta yi suke rufe ofis su tafi gida cin abinci da barci, sai ƙarfe uku. Ni kuma kullum sai na tsaya shan kofi da burodi, mu isa daidai ana jan ƙofa. Na yi ta faɗa, Malam Isufu ya ce, "Kai ma ka kwanta mana." Rana ta biyu na kwanta a kan benci a gindin bishiya, na kuwa ji daɗinsa. Da za a kawo wannan al'ada ofishinmu ba zan yi gardama ba.

Dawowar ita ce daɗin tafiyar. Titin arewa ya miƙe, motar nan ta kwanta a kansa, manyan motoci sai dai mu ga sun koma baya. Yara suna ɗaga mana hannu a kowane ƙauye. Sau biyu jandarma suka tsayar da mu, ina ta neman takardu, ashe so suke a buɗe musu gaba su ga inji. Saje ya dinga rera waƙoƙin coci da yarensu na C'lela, ni ina amshi ban san abin da nake faɗa ba. Matsala ɗaya ita ce tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Cikinta yana gogar ƙasa, saboda haka a kowane gari sai Saje ya fita, ya tsaya a gaba yana ba ni hannu, in haye a karkace a hankali, mutanen gari suna kallo suna ba da shawara da yaren da ba ma ji.

Gab da Kandi muka ga wata tsohuwar Bafulatana a bakin hanya da ƙwarya a ka, rana tana dukanta. Saje ya ce mu rage mata hanya. Na fita, na lanƙwasa kujera, na nuna mata baya. Ta sa ƙafa ɗaya, ta sunkuya, ta kasa. Ta juya ta gwada da ɗaya ƙafar, gwiwa ta ƙi. Ta dafa ƙugu ta girgiza kai. Dole Saje, da duk tsawonsa, ya naɗe kansa ya shige baya, ita ta zauna gaba kusa da ni tana ta murmushi.

Ban yi nisa ba na farga. Tsohuwar nan ta fi Inna ƙarfin gwiwa nesa ba kusa ba. In ita ta kasa shiga baya, Inna ba za ta iya ba ko da an ɗaga ta. Wuri ɗaya ya rage, nan gefena, kafaɗa da kafaɗa. Na ƙirga kujeru, na auna but, na saurari inji, ban taɓa tambayar kaina ta ina Inna za ta bi ta shiga ba. Da muka sauke tsohuwar na faɗa wa Saje. Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya daina. Ya ce, "Malam, ka yi aika-aika." Muka yi tafiya mai tsawo ba waƙa. Sai da muka gama da kwastan a Kamba, wanda ya ci mana yini guda, sannan ya ce, "Akwai dabara. Ƙusa huɗu ke riƙe da kujerar gaba. A kwance ta, Mama ta shiga baya ta miƙe ƙafa."

Da la'asar muka shigo Zuru. Unguwa ta fito. Nana da ƙannenta suka shige baya suka ƙi fita har aka kira magariba, a ciki suka ci tuwo. Hajara ta zagaya motar sau ɗaya a hankali, ta tsaya.

"Baban Nana, ina sauran ƙofofin?"

Na yi mata bayani tun daga kunnen Saje har ƙusa huɗu. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta ce, "Wata uku ke nan Inna ba ta ga likita ba. In ta ƙi shiga wannan abin, kai za ka san abin da za ka gaya mini." Na kwana da maganar nan a raina. Amma washegari da na kai su zagaye ta hanyar Dirin Daji, na lura ta sauke gilashi tana barin iska tana kaɗa mata mayafi, har ta ce wa yara su yi shiru tana son jin kukan injin.

Ranar Talata muka kama hanyar Ribah ni da ita, da sifana da Saje ya ara mini. Ban kwance kujerar a gida ba don Hajara ta samu wurin zama a tafiya. Hanyar ta wahalar da mu, kowane rami sai na lallaɓa shi, amma mun isa. Hajara ta shiga ciki, ni na durƙusa a ƙofar gida na fara kokawa da ƙusar farko, maƙwabta sun kewaye ni. Ban ji fitowar Inna ba, sai ƙarar sanda a bayana.

"Mi yaka yi?" Inna ta tambayi Hajara.

Hajara ta faɗa mata.

Inna ta dubi motar. Ni kaina yana ƙasa, ina kallon sifana. Can ta ce, "Ki ce mishi ya bari. Tun daga wata ƙasa ya ɗauko ta saboda ni, sannan ya kwance ta a ƙofar gidana mutane na kallo? Shiga bayan, ke."

Hajara ta shige baya da kwando da fulas. Inna ta juya, ta dafa ƙofa, ta zauna a kujerar gaba, ta jawo ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta na wajena, ta juya ga taga. Na zagaya na shiga, gumi yana bin bayana.

Ga wata sabuwa kuma. Sandar giya tana tsakanina da ita, gefen zanenta ya kwanta a kai. Na samu na sa ta biyu da yatsa biyu, daga nan na kasa kai hannu. Haka muka fita daga Ribah a giya ta biyu, motar da ta wuce tireloli a hanyar Faraku tana ta gunji kamar saniya mai naƙuda. Wani ɗan kabu-kabu da buhu biyu da fasinja ya wuce mu yana waige.

Inna ta ce, "Ki tambaye shi, haka take kuka kullum?"

"Ki ce mata a'a," na ce.

Aka ɗan jima. Mai keke ya kusa kamo mu.

"Ki ce mishi likitan nan yana tashi da azahar."

Sai na ga hannu ya fito daga cikin mayafi, ya tattare zanen, ya matsar da shi gefe. Na sa ta uku. Da muka hau inda kwalta ke da kyau na sa ta huɗu, motar ta saki jiki, gonakin dawa suka fara gudu ta taga. Na saci kallo don in ga ko ta tsorata. Kafaɗunta ne ke rawa. Na ɗauka kuka take, na fara rage gudu, sai na ji ashe dariya ce take dannewa.

"Ki ce mishi," ta ce, murya na rawa, "wa ya ce ya rage?"

Hajara ta fashe da dariya a baya har fulas ya faɗi. Ban san lokacin da ni ma na kama ba. Haka muka shigo Zuru mu uku muna dariya, ba mai kallon wani.

A harabar asibiti na tsaya, na fita, na lanƙwasa kujerata don Hajara ta fito ta taimaka mata, na zagaya na buɗe wa Inna ƙofa na koma gefe. Kujerar ta yi ƙasa da yawa. Ta yunƙura ta koma. Ta kafa sanda ta sake yunƙurawa, gwiwa ta ƙi. Na leƙa na ce Hajara ta yi sauri. Ta ce ƙafarta ta sage, ba ta iya motsi. Har yau ta nace a kan haka, ni kuwa ban yarda ba.

Ina tsaye ban san abin yi ba, Inna ta saki mayafin, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta miƙo hannu.

"Kama ni, ɗana. Kujerar nan taka ta yi ƙasa."

Na kama. Hannun ba nauyi, tafinsa da kaushin aiki. Na ɗago ta a hankali har ta tsaya da ƙafafunta, ba ta saki ba sai da muka kai bakin baranda. Ba zan ɓoye muku ba, idona ya cika, na yi kamar ƙura ce ta shiga. Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Wata mai zuwa ma Talata ce, ka zo da wuri."

Na ce, "To, Inna." Ita na faɗa wa da bakina, Hajara tana can cikin mota tana neman murfin fulas.